Matakin da Ba Shi da Hoto

Fensirin da Darakta yake maƙalawa a bayan kunne ba a taɓa fiƙe shi ba. Wata uku ina ganin mutumin nan kusan kullum, yana tsallako titi daga shagonsa zuwa cibiyarmu, kuma bakin fensirin yana nan a toshe kamar ranar da aka zaro shi daga kwali. Ban faɗa wa kowa ba. Na ɗauka manyan masu fasaha ba da fensir suke zane ba, da ƙwaƙwalwa suke yi. Fensirin don mu ne, talakawan ido, kada mu yi kuskuren ɗaukarsa mutum kamar kowa.

Kuma ba kamar kowa ba ne, wannan kam a ba shi. Duk layinmu babu mai ido irin nasa. Inda ka ga bango, shi “fili” yake gani. Inda ka ga ja, shi yana ganin ja iri goma sha ɗaya, kowanne da halinsa da abin da yake son faɗa. Shi ya zana allon shagon mai aski, da wasu haruffa masu lanƙwasa kamar taliya, waɗanda har yau babu wanda ya iya karanta su. Sai dai baƙo ya tsaya ya yi tambaya, a gaisa, a nuna masa ƙofa. Ka ga an ƙara zumunci a unguwa. Shi ya zana wa mai kantin magani kibiyar nuna hanya, kibiya mai kyan gaske, wadda take kai marasa lafiya shagon mai walda. Da aka yi ƙorafi, ya ce kibiyar ta fi samun natsuwa idan ta kalli hagu.

Katinsa ya ce shi ne Babban Darakta, Sashen Fasahar Gani da Isar da Saƙo. Sashen yana da tebur ɗaya, kujera mai juyawa, kwamfuta, da fankar da sai an tura ta da tsinke take tashi. Shagon kuwa na kawunsa ne, wani dattijo mai injin buga takardu, wanda bai san da zaman wani sashe ba. Har gaban baƙi “yaron nan” yake ce masa, ko da yake yaron ya ba arba'in baya. Shi kuma Darakta, idan zai ambaci kawun cikin mutane, sai ya ce “ɓangaren bugawa”.

Mu kuwa a tsallaken titi muke, mu goma sha biyu, muna koyon gashi a hannun Gwaggo Mai Tanda. Ɗaki ne dogo mai teburin ƙarfe a tsakiya, da tanda babba a ƙurya, da taga ɗaya da ba ta rufuwa. Mun yi biskit. Mun yi kek har mun daina ƙona gindinsa. Saura burodi, wanda Gwaggo ta ajiye shi ƙarshe, don ta ce shi ba a yi masa garaje. Kuma a kan burodin nan komai ya rataya. Shugabar kicin ta wata makarantar kwana ta yi alkawarin zuwa ranar Alhamis, ƙarfe sha biyu na rana, ta ɗanɗana. Idan ya yi mata, mu za mu riƙa kai wa makarantar burodi kowace safiya, mu sha biyun nan mun sami abin yi ke nan. Idan bai yi ba, ta ci gaba da karɓa a inda ta saba, mu kuma kowa ta koma gida da takardar shaida mai ɗan zanen fure.

Ana saura mako guda likita ya matso da ranar aikin idon Gwaggo. Ya ce gobe, kuma bayan aikin ba ita ba zafin tanda sai ya ba da izini. Gwaggo ta zauna da yamma ta rubuta yadda ake burodinta a bayan wata tsohuwar kalanda, layi bakwai, da manyan haruffan mai dishi-dishin gani. Ta aika aka kira Darakta.

“Ɗana, ga shi,” in ji ta. “Rabin 'ya'yan nan nawa karatu bai zauna musu ba. Hoto nake so, babba, wanda za su ɗaga kai su kalla hannunsu yana cikin fulawa. Layi bakwai ne. Kar ka ƙara, kar ka rage.”

Darakta ya karɓi takardar da yatsa biyu, ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya yi murmushin likitan da ya gano cuta.

“Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Abin da kika ba ni ɗanyen bayani ne, aikina in dafa shi. Ke ciki kike ciyarwa, ni ido. Kuma kafin baki ya buɗe, ido ya riga ya yanke hukunci. Zan yi miki fosta wadda ko jariri ya kalla sai ya sauko daga goyo ya gasa burodi.”

“Babu jarirai a ajina,” in ji Gwaggo. “Bakwai ne.”

Abin da ya faru a shagon cikin kwana ukun da suka biyo baya, daga bakin kawunsa muka ji shi, bayan komai ya wuce. Ranar farko a kan fulawa ta ƙare. Fulawa fara ce, takarda ma fara, wannan kuwa babbar matsala ce da duniya ba ta san da ita ba. Darakta ya gwada fari goma sha huɗu, ya tsaya a kan wanda ya kira “fari mai tunani”. Rana ta biyu ya zana hannun da ke murza kwaɓi. Hannu ne mai laushi, mai agogo da zoben azurfa, wanda bai taɓa wanke ko da kofi ba. Kawu ya leƙa ya ce ya san hannun nan, shi yake miƙa masa shayi kullum.

Sai rana ta uku ya zo kan tsari. Nan fa fasaha ta yi karo da lissafi. Darakta ya riga ya raba fostar gida shida, uku a sama uku a ƙasa, kowane gida da da'irarsa da kibiyar da ke kaiwa na gaba. Ya kalli gidajensa shida, ya kalli layukan Gwaggo bakwai.

“Kawu, bakwai ba ta da tarbiyya,” ya ce. “Ka raba ta biyu, ɗaya ya rage yana reto kamar baƙon da ba a gayyata ba. Shida kuwa, ka dube ta. Uku, uku. Ido ya shiga, ya zaga, ya fito bai yi tuntuɓe ba.”

“Ka yi huɗu da uku,” in ji Kawu, bai ɗago daga injinsa ba.

“Huɗu da uku! Ka taɓa ganin mutum mai kunne ɗaya babba ɗaya ƙarami?”

“Na gani.”

Darakta bai saurare shi ba. Ya ɗauki takardar ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tantance ma'aikata. A auna fulawa: akwai sikeli, sikeli yana da kyau a hoto. A jiƙa yis da sukari a ruwan ɗumi: akwai kofi, har da ɗan kumfa. A haɗa da gishiri da bota: akwai motsi. A murza: ga hannu ya riga ya zanu. A yanka a sa a gwangwani: akwai wuƙa. A gasa: akwai wuta, wuta kuwa ita ce uwar launi. Duk sun ci jarrabawa. Saura layi na shida, wanda ke tsakanin gwangwani da wuta. A rufe da kyalle, a bar shi awa ɗaya.

“Me ke faruwa a nan?” ya tambayi fanka. “Babu komai. Ba hannu, ba wuƙa, ba wuta. Me zan zana, kyalle? Kyalle a kwance? Wannan ba mataki ba ne, hutu ne. Tsofaffi suna son hutu, shi ke nan.”

“Ka zana agogo,” in ji Kawu.

“Agogo yana tayar wa mai kallo hankali. Ni ba na sa damuwa a aikina.”

Haka layi na shida ya bar aiki, ba sallama, ba takardar godiya.

Ranar Litinin aka kafa fostar a bangon ajinmu, kuma in faɗi gaskiya, ta yi kyau. Ban taɓa ganin burodi mai fara'a irin na gida na shida ba, tururi yana tashi daga kansa a lanƙwashe kamar yana gaisuwa. Muka tsaya muna kallo. Wata ta ce har ta ji ƙamshi. A ƙasa kuma, da haruffan da suka fi na “fulawa” girma, ga sunan sashen da lambar wayar Darakta, saboda ko wani zai so ya yi godiya. Babu wadda ta san layi nawa ke takardar Gwaggo, don lokacin da ake miƙa ta muna can muna wanke faranti, ni kuwa da na ji ana cewa bakwai, na ɗauka ya haɗa biyu ne a gida ɗaya. Mai ilimi ai ya san abin da yake yi.

Ranar Talata muka gwada. Muka auna, muka jiƙa, muka haɗa, muka murza har kafaɗunmu suka yi tsami, muka yanka muka jera a gwangwani. Anti Tela, wadda ta girme mu duka, ta shekara ashirin a kan keken ɗinki kafin bayanta ya ƙi, ta tsaya da gwangwani a hannu.

“Ni dai a sanina, abu mai yis ana ɗan ba shi lokaci.”

“Ina kika gani a jiki?” in ji wata. “Ga kibiya nan, daga gwangwani sai wuta. Kek ma ai haka muke yi.”

“Gwaggo ta ce kar a ƙara, kar a rage,” in ji wata kuma.

Anti Tela ta kalli kibiyar. Kibiya ce mai cikakken tabbaci, babu alamar shakka a jikinta. Ta sa gwangwanin a tanda.

Abin da ya fito ba za a ce ba burodi ba ne, don an yi shi da kayan burodi. Gajere ne, mai nauyi, mai fuskar wanda aka tasa daga barci. Anti Tela ta ƙwanƙwasa shi a kan tebur, teburin ne ya amsa. Mai gadi ya leƙo ya roƙi guda ɗaya, har muka fara jin daɗi, ashe ƙofa zai tokare da shi.

Muka kira wayar Gwaggo. Ɗanta ya ɗauka, ya ce Mama tana hutawa, likita ya hana ta waya, amma ta ce a gaya mana mu bi takardarta, komai yana ciki. Gaskiya ta faɗa. Komai yana cikin takardarta.

Ranar Laraba muka canja yis, muka rage wuta, muka ƙara murza. Ƙofar baya ma ta sami nata. Sai Anti Tela ta yafa mayafi ta tsallaka titi ta ce a ba ta takardar Gwaggo ta gani da idonta. Darakta ya juya a kan kujerarsa, ya haɗa yatsu.

“Anti, takardar ta gama aikinta. Na narkar da ita cikin zane. Abin da ba ya kan fosta, ba ya cikin burodi. Matsalarku ba ta fulawa ba ce, ba ta tanda ba. Matsalar karatun gani ce. Kuna kallo, amma ba kwa gani. Laifina ne, na ba ku babbar mota ban koya muku tuƙi ba. Gobe zan zo da kaina.”

“Gobe fa baƙuwarmu za ta zo.”

“Shi ya sa.”

Ranar Alhamis fulawar da ta rage ta zubi ɗaya ce. Babu mai wasa, babu mai waƙa. Muka yi komai a hankali, muna ɗaga kai muna duba bango kamar masu satar amsa. Ƙarfe goma daidai gwangwanaye goma sha biyu suna jere a kan tebur, kwaɓin ya kwanta a gindinsu, tanda ta yi zafi. Anti Tela ta ɗauki na farko, tana addu'a a ƙasan maƙoshi. Sai ga Darakta a bakin ƙofa, da sabuwar kwat, da doguwar sanda ta nuni, da turaren da ya kori ƙamshin bota.

“A dakata! Kada kowa ta taɓa tanda. Ba za a maimaita kuskure a gabana ba.”

“Ranka ya daɗe, sha biyu za ta zo,” in ji Anti Tela.

“Minti biyar kawai. A zauna.”

Muka zauna a kan benci. Ƙudaje suka fara shigowa ta tagar nan da ba ta rufuwa, Anti Tela ta warware wani babban kyalle ta lulluɓe gwangwanayen, ta dawo ta zauna tana huci.

“Kafin mu shiga gida na ɗaya,” in ji Darakta, yana buga sandar a bango, “dole mu tambayi kanmu, mece ce da'ira? Me ya sa ban sa sikelin nan cikin murabba'i ba? Murabba'i yana da kusurwa, kusurwa kuwa faɗa ce. Da'ira uwa ce. Tana rungumar fulawa. Idan kin kalli gidan nan ba ki ji an rungume ki ba, to ba ki fara burodi ba tukuna.”

Minti biyar suka wuce a kan da'ira. Wasu goma suka bi su a kan fari mai tunani, da yadda aka yi ya gano shi wata safiya yana goge haƙori. Daga nan ya koma ƙuruciyarsa, lokacin da malamin zane ya kore shi daga aji saboda hassada. Wata a bayana ta fara kuka a hankali. Anti Tela tana kallon agogon bango kamar za ta cinye shi.

Wajen goma da minti ashirin da biyar ne na ga kyallen ya canja. Da a shimfiɗe yake, ya ɗan lotsa a bakin kowane gwangwani. Yanzu lotsawar ta cike. Na taɓa gwiwar Anti Tela, na nuna mata da ido. Ta duba. Ta sake dubawa. Ta miƙe kamar mai gyara zani, ta ɗaga gefen kyallen da ɗan yatsa, ta leƙa, ta sake shi. Da ta dawo, fuskarta ta zama wata iri, irin ta wadda ta tsinci abin da ta daɗe da sanin nata ne.

“Yana tashi,” ta raɗa. “Wallahi yana tashi. Kar ku bari Darakta ya yi shiru.”

Maganar ta bi benci daga kunne zuwa kunne. Mai kuka ta share hawaye. A daidai lokacin Darakta ya kai gida na uku, ya duba agogonsa, ya ce saboda ƙurewar lokaci zai taƙaita.

“A'a, ranka ya daɗe!” in ji Anti Tela. “Taƙaitawa kuma? Ni fa da'irar nan ban gane ta ba. A maimaita mini.”

Ban taɓa ganin fuska ta yi haske irin tasa ba. Shekara da shekaru yana magana mutane suna tuna cewa sun bar tukunya a wuta. Yau ga mata goma sha biyu sun zuba masa ido, suna roƙon ƙari. Ya cire kwat ya rataye. Ya koma kan da'ira daga tushe.

Tambayoyi suka yi ta zuwa. Me ya sa kibiya take da kai ɗaya? Wa ya ƙirƙiro ruwan ɗorawa? Hannun nan mai agogo na wane bawan Allah ne, don an ga alamar mai hankali ne? A kan wannan kaɗai ya yi minti tara. Duk sanda ya juya ga bango, idanu ashirin da huɗu suna komawa kan tebur, inda kyallen yake ta kumbura a hankali, tudu goma sha biyu a jere. Anti Tela ta ce a raɗa, sai ya kai bakin gwangwani ya ɗan haura.

Ƙarfe sha ɗaya tambayoyi suka ƙare. Darakta ya fara neman kwat ɗinsa. Anti Tela ta leƙa kyalle, ta girgiza kai, da saura kaɗan. Ta zungure ni da gwiwar hannu. Ni da na yi wata uku a ajin nan ban ɗaga murya ba, na ɗaga hannu na tambaya me ya sa cokalin gida na biyu shuɗi ne.

“Madalla!” ya ce, har da tafi. “Ga wadda ta fara gani.”

Cokalin ya ci kwata guda.

Sha ɗaya da kwata Anti Tela ta miƙe ta yaye kyallen gaba ɗaya. Kwaɓin ya cika gwangwanaye ya yi tozo, sumul, yana rawa kaɗan idan an taɓa tebur. Darakta ya kalle shi, ya gyaɗa kai, bai yi mamaki ba ko kaɗan.

“Kun gani? Har shi ya fahimta.”

Muka zuba a tanda. Minti talatin da biyar babu wadda ta zauna. Ƙamshin ya fara fita ta taga, mai gadi ya leƙo, mai aski ya leƙo, har Kawu ya kashe injinsa ya tsallako titi yana goge tawada a hannu. Sha biyu saura minti goma muka fitar. Dogaye, jajaye, masu sauƙi a hannu. Anti Tela ta ƙwanƙwasa gindin guda, ya amsa da irin muryar da ake so.

Shugabar kicin ta iso a kan lokaci, mace mai jaka a hammata da fuskar da ba ta ba da labari. Ba ta kalli fosta ba, duk da Darakta ya tsaya a gefenta da sanda. Ta ɗauki burodi ɗaya ta matsa shi da tafin hannu, ta sake shi, ya dawo. Ta yage shi biyu ta duba cikinsa. Ta ci ɓawon, ta ci tsakiyar, ta daɗe tana taunawa.

“Daga Litinin,” ta ce. “Ƙarfe shida na safe. Irin wannan fa, ba ƙaninsa ba.”

Bayan ta fita ajin ya kaure. Ana rungume-rungume, wadda ta yi kuka ɗazu ta sake sabo. Darakta ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya yi gyaran murya.

“Ba na son godiya. Abin da na ce ne tun jiya. Fulawa ɗaya, tanda ɗaya, hannuwa ɗaya. Me ya canja tsakanin Talata da yau? Bayani. Zane yana da ƙarfi, amma idan mai zanen ya tsaya a gefensa, to ko dutse ne sai ya yi laushi.”

“Wane ne yake laushi?”

Gwaggo ce a bakin ƙofa, da baƙin tabarau, ɗanta yana riƙe da hannunta yana cewa Mama kar ki matsa kusa da zafi. Ta ce ta kasa zama ne, ƙamshi kawai ta zo ji. Aka kawo mata kujera nan bakin ƙofa, aka sa mata burodi a cinya. Ta shafa shi, ta shinshina, ta ce Alhamdu lillahi. Sannan ta ɗaga tabarau kaɗan ta kalli bango. Leɓenta yana motsi. Ta sauke tabarau, ta sake ɗagawa.

“Likita ya ce idon nan ya gyaru,” in ji ta. “Amma shida nake gani. Ko in koma masa?”

Kawu ya sa hannu a aljihu ya zaro tsohuwar kalanda a ninke, wadda ya tsinta a ƙarƙashin kofin shayi, ya miƙa wa Anti Tela. Ta karanta layi na shida da ƙarfi, a hankali, yadda kowa zai ji. A rufe da kyalle, a bar shi awa ɗaya.

“Gwaggo, wannan shawara ce ta fasaha,” in ji Darakta. Muryarsa ta ɗan sauka. “Jira ba shi da hoto. Babu abin da ke faruwa a cikinsa.”

“To ya aka yi ya tashi?”

Anti Tela ta ba ta labari, tun daga ƙudaje har zuwa cokali. Gwaggo tana saurare, kafaɗunta suna motsi, ɗanta yana cewa Mama likita ya hana dariya mai ƙarfi.

“Minti nawa ya yi yana magana?”

“Awa ɗaya da kwata.”

“Ya ɗan zarce, amma da yake ɗakin akwai iska, ba laifi.” Ta juya inda Darakta yake, da murya mai daɗi, irin wadda take yaba wa kek ɗin da bai ƙone ba. “Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka taimaki 'ya'yana.” Sannan ta juyo gare mu. “Ku kuma ku ji. Mutum ne mai ayyuka, ba kullum zai samu zuwa ba. Ranar da bai zo ba, ku rufe da kyalle ku bar shi awa ɗaya. Duk ɗaya ne.”

Kawu ne ya fara fita, yana tari. Darakta ya ɗauki kwat ɗinsa ya saɓa a kafaɗa. Anti Tela ta naɗe masa burodi guda a takarda, ya karɓa da hannu biyu.

Da la'asar na hango shi ta taga, zaune a kan bencin ƙofar shago, ya cire takalmi ɗaya. Ya gutsuri burodin ya tsoma a shayi, ya ci, ya miƙa wa kawunsa sauran.